Ire-iren Jawabi Da Ladubban Tsayawa Gaban Jama'a

(Matanin jawabin da aka gabatar a zaman bita na ɗalibai masu koyon wa'azi a Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya.)

Bayan gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa, ina gaida malamaina da iyayena da ke zaune a nan, ina kuma neman afuwarsu, domin ba ladabi ba ne yaro ya yi magana a kan magana alhali waɗanda suka koya masa ita suna zaune. Umurni aka yi mini, shi ya sa na miƙe.

'Yan'uwa, abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayani a kan ire-iren jawabi da yadda ake isar da shi. Wani zai ce wannan ai ƙaramin al'amari ne, wanda ya san karatu ai ya san magana. To, ba haka abin yake ba. Annabi Musa (AS), da aka aike shi zuwa ga Fir'auna, yana da wahayi, yana da mu'ujiza a hannunsa, amma duk da haka ya roƙi Ubangijinsa ya warware masa ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe. Wannan yana cikin Suratu Ɗaha da Suratul Ƙasasi. Idan Annabin Allah ya damu da wannan, ina ga ni da kai?

Kuma mu mutanen wannan gari mun fi kowa sanin abin da magana take iya haifarwa. Dattawan da ke nan ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan maganar da aka yi a wani taro, kafin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka yi asarar da har yau ana jin ɗacinta. Ban kawo wannan don a tada tsohon miki ba. Na kawo shi ne don wanda zai riƙi lasifika ya san abin da ya riƙa.

Tun zamanin da masana suka lura cewa jawabi ba iri ɗaya ba ne. Arisɗo, masanin nan na ƙasar Girka, ya kasa shi gida uku: jawabin shawara a kan abin da za a yi, da jawabin shari'a a kan abin da ya riga ya faru, da jawabin yabo ko zargi. An fassara littafinsa zuwa Larabci, har Ibnu Rushdi na Andalus ya taƙaita shi. Rabon nasa yana da amfani, amma bai ƙunshi duk abin da muke yi ba, saboda haka ni zan bi abin da muka sani a masallatanmu da zaurukanmu da filayenmu.

Na farko, kuma mafi nauyi, ita ce huɗubar Juma'a. Ita ibada ce mai sharuɗɗa: huɗuba biyu, a tsaye, da ɗan zama a tsakaninsu, bayan rana ta karkata, kafin salla. Ita kaɗai ce jawabin da shari'a ta wajabta wa mai sauraro ya yi shiru, har ta hana shi ya ce wa na kusa da shi ya yi shiru. Ku dubi wannan da kyau. Ɗan siyasa sai ya yi hayar motoci kafin ya tara mutane, mai talla sai ya yi kiɗa, amma liman an tara masa dubban mutane kyauta, an kuma ɗaure masa bakunansu. Wanda aka ba wannan amana ya hau mumbari bai shirya ba, ko ya mai da ita wurin rama gayya da wani malami, lalle ya ci amanar da ba shi ya tara ta ba.

Sunna a huɗuba ita ce gajartawa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Ammar bin Yasir (RA) ya yi wa mutane huɗuba gajera mai ratsa zuciya, da ya sauko aka ce masa ina ma ya ɗan ƙara, sai ya ba su labarin ya ji Manzon Allah (SAW) yana bayyana cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum ga addini. Mu kuwa mun juya abin. Huɗuba ta kai awa guda, salla kuwa minti huɗu. A cikin sahun nan akwai tsoho mai ciwon gwiwa, akwai ɗan kasuwar da ya bar rumfa a hannun yaro, akwai waɗanda ba su sami inuwa ba suna zaune bisa kwalta a cikin zafin watan Afrilu. Huɗuba magana ɗaya take ɗauka. In ka ɗauki zancen cin amana, tsaya a kansa: aya, hadisi, misali daga abin da mutane suke gani a kasuwa da ofis, sa'an nan abin da kake so su aikata kafin wata Juma'ar. In ka haɗa cin amana da tarbiyyar yara da halin da Falasɗinawa suke ciki da gyaran rufin masallaci a huɗuba guda, mutum zai fita bai riƙe ko ɗaya ba.

Na biyu shi ne wa'azi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne aikin yawancinku. Wa'azi ya bambanta da huɗuba ta wajen cewa ba wanda aka tilasta wa ya zauna. Tun zamanin wa'azin turmi, inda malami kan hau turmi a dandali da dare, har zuwa yau da ake kafa rumfa da lasifika, mai sauraro yana da ƙafafunsa, in ya gaji ya tashi. Kuma ba mu da buƙatar mu je nesa neman abin koyi, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya siffanta mana majalisin mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Infaƙul Maisuri, littafin da ya rubuta a 1812.

Shehu ya fara wa'azi yana ɗan kimanin shekara 20, wajen 1774, a Degel, daga baya ya yi yawon wa'azi a Kabi, ya kuma yi kusan shekara 5 a Zamfara. Bello ya ce ya kan ga Shehu idan zai fita wurin jama'a sai ya ɗan tsaya a gefe cikin gida, ya yi wasu 'yan kalmomi, sa'an nan ya fita. Da ya tambaye shi, sai ya gaya masa yana sabunta niyya ne, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi, yana kuma roƙon Allah Ya fahimtar da mutane abin da zai faɗa. Idan ya isa sai ya yi sallama da muryar da kowa zai ji, fuska a sake, sa'an nan ya nemi a yi shiru. Bello bai ɓoye ba cewa a cikin jama'ar akwai marasa ladabi, waɗanda ba su yin shiru in an ce su yi, masu katse shi da tambaya, amma bai ga Shehu ya ƙosa ko ya fusata ba. Yana ɗaga murya, yana fuskantar kowa da kowa ba tare da ya keɓe wani ba, in an jefo tambaya a tsakiyar magana ya tsaya ya amsa. Kuma da harshen mutanen yake yi musu magana, Fulatanci da Hausa, duk da cewa littattafansa da Larabci ya rubuta su.

Ku lura da tsarin: niyya tun kafin a fito, sakin fuska, haƙuri da wautar jama'a, harshen da suke ji. Ba a ambaci tsawa ba, ba a ambaci zagi ba. Wannan wa'azin ne ya tara jama'ar da ta kai ga hijira zuwa Gudu a 1804, kuma daga cikinta Malam Musa ya karɓo tuta ya shigo wannan birni a 1808. Shekara 30 ana magana kafin a zare takobi. Mu kuwa yaro ya yi wata uku yana wa'azi, ya ga unguwa ba ta canza ba, sai ya fara la'antar mutane.

Na uku shi ne darasi da tafsiri. Wannan aikin karantarwa ne, ba na zaburarwa ba, kuma kuskuren da matasa suke yi shi ne su mai da darasi wa'azi. Wanda ya zauna gabanka da Ahalari ko Iziyya ko Risala yana son ya san hukuncin ƙabli da ba'adi ne, ba ya son kuka. A zaurukan Kona da Juma, unguwannin da aka san su da ilimi a garin nan tun da daɗewa, malami yana bin matani kalma kalma, ya fassara, ya warware, ya wuce. Haka kuma wanda ya saurari tafsirin marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi shekaru yana gabatarwa a Masallacin Sultan Bello na Kaduna ana sa shi a Rediyon Kaduna har rasuwarsa a 1992, zai tuna cewa ba mai ihu ba ne. Mai jan baƙi ya ja, shi kuma ya fassara da Hausa mai sauƙi, cikin murya kusan ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya yarda da shi da wanda ya saɓa masa duk sun fahimci abin da ya ce, kuma wannan shi ne aikin mai darasi.

Sai lacca. Kalmar baƙuwa ce, ta shigo mana tare da boko da siyasa, har ta zama idan an ce ana lacca a wuri kaza a zamanin NEPU da NPC, taron siyasa ake nufi. Lacca tana da take, tana da lokaci, kuma a ƙarshenta akwai tambayoyi, saboda haka mai ita yana bukatar hujja fiye da kowa, domin za a tuhume shi a nan take. Ƙasar nan ta ga gwanaye. Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, yana iya ɗaukar zancen haraji ko na kotun alƙali ya warware wa manomi shi da misalin da ke cikin gonarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗalibin Kwalejin Katsina, wadda ta dawo Zariya a 1949 kuma muka san ta da Barewa, an yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, kuma wanda ya ji faifan jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 1960 zai ji mutum ne mai ba kowace kalma haƙƙinta, ba ya gaggawa. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, ya ci gaba da riƙe taro da harshensa ko bayan da idanunsa suka tafi, ba takarda a hannunsa. Ba siyasarsu nake kira ku bi ba, kowa da ra'ayinsa. Sana'ar nake nuna muku.

Akwai kuma jawaban lokuta: huɗubar ɗaurin aure, nasiha a walima ko wurin suna, ta'aziyya, maraba da baƙo, godiya a ƙarshen taro. Hukuncinsu ɗaya ne, a gajarta. Ni kaina na sha wannan darasi da zafinsa. Ina saurayi aka ce in yi nasiha ta minti biyar a wata walima, na yi kusan hamsin, ina ganin mutane sun sunkuyar da kai ina cewa maganata ce take ratsa su. Da na zauna wani dattijo ya jawo hannuna ya ce, “Ɗana, ka yi karatu, Allah Ya ƙara. Amma tuwon ya huce.” Ban sake ba.

Nau'i na ƙarshe da zan ambata shi ne magana a gaban masu mulki, da kuma magana a lokacin da zukata suka ɓaci. Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) ya tsaya gaban Najjashi a Habasha, rayukan masu hijira suna rataye a kan abin da zai faɗa. Bai zagi Ƙuraishawan da suka biyo su ba, bai kuma ɓoye aƙidarsa game da Annabi Isa (AS) ba. Ya faɗi halin da suke ciki a jahiliyya, da abin da Manzo ya kira su zuwa gare shi, ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya ƙi miƙa su. Shehu ma, a taron Babbar Salla a Magami wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya ba shi kyautar zinariya, bai karɓa ba, sai ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Ya san abin da ya je nema tun kafin ya buɗe baki. Ku kuma koma ku karanta jawabin Manzon Allah (SAW) ga Ansar a Ji'irana bayan yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, lokacin da suka ji zafin rabon ganima. Ya tara su su kaɗai, ba a bainar jama'a ba. Ya tuna musu ni'imar Allah a kansu, sa'an nan shi da kansa ya lissafa alherin da suka yi masa, wanda kunya ta hana su faɗa, kafin ya nuna musu cewa wasu za su koma da tumaki da raƙuma, su kuwa da shi za su koma. Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe. Wanda zai shiga sulhu tsakanin mutane ya daɗe a kan wannan ƙissa.

To, yanzu ladubban isarwa. Da yawa sun riga sun fito a cikin abin da ya gabata, ba sai na maimaita ba.

Tushensu shi ne sanin wanda kake yi wa magana. Malaman balaga, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukanmu kamar Uƙudul Juman na Suyuɗi, sun tsaya a kan cewa magana ba ta zama mai fasaha sai ta dace da halin da ake ciki. Buhari ya kawo daga Sayyidina Ali (RA) umurnin a yi wa mutane magana da abin da za su iya ganewa, don kada a jawo su ƙaryata Allah da Manzonsa. Abin da za ka faɗa wa ɗaliban jami'a a Samaru ba shi za ka faɗa wa mahauta da 'yan koli a kasuwar birni ba, ko da mas'alar ɗaya ce. Kuma ina roƙonku ku tausaya wa Hausa. Wani in ya miƙe, rabin maganarsa Larabci ne, sulusinta Turanci, abin da ya rage shi ne na tsohuwar da ke sauraro daga bayan katanga. In ka kawo aya ko hadisi, karanta shi daidai, ka fassara shi da Hausar da ake ji a gida.

Sai shiri. Al-Jahiz, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan hijira, ya kawo a cikin Al-Bayan wat-Tabyin labarin Wasil bin Aɗa'u, wanda harshensa ba ya iya furta harafin ra'un daidai, sai ya horar da kansa har ya zama yana yin doguwar huɗuba ba tare da kalma mai wannan harafi ba. Ba aƙidarsa muke yabo ba, Mu'utazili ne, amma ku dubi wahalar da mutum ya sha a kan harafi guda. Kai kuwa hadisin da za ka karanta ba ka duba ingancinsa ba, a wayar wani ka gan shi. Kalma ɗaya tana da nauyi: Muslim ya ruwaito cewa wani ya yi huɗuba a gaban Manzon Allah (SAW) ya haɗa Allah da Manzonsa cikin lamiri guda a wajen ambaton saɓo, Manzo ya gyara masa nan take, ya kuma kira shi mummunan mai huɗuba. Rubuta kanun maganarka a 'yar takarda, ka san ta inda za ka shiga, ka san musamman ta inda za ka fita, domin da yawa masu tsawaitawa ba son tsawaitawa suke yi ba, ƙofar fita ce suka rasa.

Game da murya, Nana A'isha (RA) ta ce Manzo ba ya zuba magana a jere da sauri irin yadda mutane suke yi, yana magana ne yadda mai ƙirga kalmominsa zai iya ƙirgawa. Anas (RA) ya ce yakan maimaita kalma sau uku don a fahimta. Jabir (RA) kuma ya siffanta shi a huɗuba idanunsa sun yi ja, muryarsa ta ɗaga, kamar mai gargaɗin zuwan mayaƙa. Duka gaskiya ne, kowanne da muhallinsa. Wanda ya fara da ihu ya ƙare da ihu bai bar wa kansa wurin da zai ɗaga murya ba idan ya iso inda ya kamata. Kakanninmu da suka yi huɗuba a Masallacin Juma'a na birnin nan, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙirjinsu suke isar da murya. Kai an ba ka na'ura, ba ka da uzurin tsawa. Matsar da bakinka kaɗan daga makirfo, ka kuma tuna da maƙwabcin da ke jinya idan dare ya yi nisa. Abdullahi bin Mas'ud (RA) ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, da aka nemi ya riƙa yi kullum ya ƙi, don gudun kada ya gundure su, ya ce haka Manzo yake zaɓar musu lokaci.

Abu na ƙarshe, kama suna. Al'adar Manzon Allah (SAW) idan labarin kuskuren wani ya iso masa ita ce ya yi magana a kan aikin a jumlace, ba ya ambaton mai shi. A zamanin kaset, maganar da ka yi a Zariya takan yi makonni kafin ta kai Maraɗi. Yau kana magana wayoyi goma suna ɗauka, kafin ka isa gida an yanko daƙiƙa talatin daga cikin awa guda an sa a Facebook da TikTok, ba abin da ya gabace ta, ba abin da ya biyo bayanta. Saboda haka duk jumlar da za ka faɗa, auna ta ita kaɗai: in an cire ta daga 'yan'uwanta, me za ta zama? In ka ga za ta iya zama ashana, sake mata gini tun kana gida. In kuwa an yi maka tambayar da ba ka da amsarta, faɗi haka a fili. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya sha yin haka a gaban mutanen da suka yi tafiyar watanni don su tambaye shi.

A zama mai zuwa, in Allah Ya kai mu, kowane ɗalibi zai zo da nasiha ta minti bakwai a kan tauye mudu, aya ɗaya, hadisi ɗaya da ya duba ingancinsa, misali ɗaya daga kasuwa. Za a riƙe agogo, kuma malamanmu za su zauna a sahun baya, wanda muryarsa ba ta kai gare su ba zai sake. Na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini hannu tun ɗazu.